Shin hayaƙin masana'antar narka ƙarfe na iya rage ire-iren tsirran da ke kan duwatsu?

Baban Hafsa, Madina:
Assalamu alaikum. Ina aikin tuƙi a wani yankin masana'antu, kuma a tsaunukan da ke bayan wata ma'aikatar narka ƙarfe na lura cewa ƙananan ciyayin da ke fitowa a tsagin dutse bayan ruwan hunturu sun yi ƙaranci, gefen ganyen magarya ya ƙone, tumfafiya ce kaɗai ke tsaye kore shar. Hayaƙin ne sanadi, ko kuwa fari ne kawai?

Ummu Salma, Jidda:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Hayaƙin na iya yin haka. Narka tagulla da nikel yana sakin iskar farar wuta tare da ƙurar ƙarfe, ita kuwa masana'antar alminiyam, irin wadda ke Ras al-Khair a gabashin Saudiyya, abin da ake sa wa ido a kansa shi ne sinadarin fulorayid da ke fita cikin hayaƙinta, wanda ke taruwa a baki da gefen ganye har ya ƙone su. Tsiron dutse ya fi shan wahala, domin ƙasar da yake rayuwa a kanta ba ta wuce cikin tafin hannu a cikin tsagi ba, kuma duk abin da ruwa ya wanko daga saman dutsen a nan yake taruwa. Kada koren tumfafiya ya ruɗe ku, domin tsiro mai juriya yakan mamaye wurin da masu rauni suka bari, sai a ga kore alhali nau'o'i da yawa sun tafi. Wannan asarar ce ta fi damuna.

Malamin Kimiyya, Yanbu:
Hajiya ta yi gaskiya. A Sudbury da ke Kanada hayaƙin nikel ya bar duwatsu baƙi ƙirin babu tsiro. A 1972 aka kammala bututun hayaƙi mai tsawon mita 381 domin ya kai hayaƙin can sama nesa da garin, kuma daga 1978 aka riƙa baza farar ƙasa domin kashe tsamin ƙasa kafin a shuka ciyawa da itatuwa.

Sai dai, Alhaji, fari da kiwon raƙuma da awaki su ma suna cinye tsirran Hijaz. Ku kwatanta gefen da iska ke kai hayaƙin da ɗaya gefen, a kan dutse iri ɗaya, ku ƙirga ire-iren tsirran kowanne.

Baban Hafsa, Madina:
Allah ya saka muku da alheri. In Allah ya yarda zan ɗauki hotunan gefen biyu bayan ruwa na gaba, in kawo nan mu duba tare.