Abin da aka tsayar kan saita taimin ɗin Hijet

Jiya bayan la'asar an yi ta musu a wani gareji a Gusau, kan wata Hijet, ƙaramar motar Daihatsu, mai jigila zuwa Ƙaura Namoda da ta rasa ƙarfi tun da aka canza mata bel ɗin taimin, wato bel mai haƙora da ke daidaita lokacin buɗewa da rufewar bawul da motsin fistin. Ga abin da na tsinta.

Kowa ya yarda cewa daga alama ake farawa. A ciro filogi na 1, a juya injin da sifana har fistin ya kai ƙololuwa bawul duka a rufe, alamar fulin ƙasa (fulin da ke kan sandar da fistin ke juyawa) da ta kamshaf (sandar da ke buɗe bawul) su hau inda aka zana musu. Babban makanikin ya nanata cewa bayan an ɗaura bel a juya da hannu zagaye 2 cikakku a sake dubawa, don fulin ƙasa na juyawa 2 kafin kamshaf ya yi 1. Haƙori ɗaya ya kauce, mota ta zama malalaciya. Kaucewar ta yi yawa, a wasu injinan fistin ya lanƙwasa bawul.

Wajen distiributa, mai raba wa filogi wuta a kan lokaci, aka rabu. Tsofaffin hannu sun ce kunne ya ishe su: wuta ta yi gaba, injin zai yi ƙyas-ƙyas a hawa, ta yi baya, zai yi zafi ya sha mai. Wani matashi ya ce a bar injin ya ɗumama, a haska fitilar taimin (fitilar da ke walƙiya duk lokacin da filogi ya ba da wuta) a kan alamar fulin ƙasa, a bi digirin da kamfani ya rubuta. Ni dai bayansa nake, don kunne na yaudara.

Masu injekta marasa distiributa kuwa, kwamfuta ke riƙe da wutarsu, bel kawai za ka daidaita.