Neman shawara kan haɗa kwamfutar tace bidiyo da wasa a Zariya

Ɗan Samaru: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Sana'ata ɗaukar bidiyon biki da walimar saukar Alƙur'ani ce, kuma laftof ɗina ta gaza, domin da zarar na zuba mata hoton 4K a manhajar tace bidiyo ta DaVinci Resolve sai ta riƙa sandarewa. Na tara naira miliyan 1.2, ina so in haɗa kwamfutar tebur da hannuna, in yi aiki da rana, da dare kuma in taɓa wasan ƙwallo a kanta. Ina da monita da kibod, kuma na tsayar da shawara kan furosesa Ryzen 5 5600 da RAM mai 32GB. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne katin hoto, wato na'urar da ke sarrafa hoto ta tura shi allo: RTX 3060 mai ma'adanar 12GB zan ɗauka, ko RTX 4060 mai 8GB?

Abban Hanifa: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka sayi PlayStation 5 domin wasanka, sauran kuɗin ka nemi monita mai kyau, ka huta da wahalar haɗe-haɗe.

Mai Kyamara Tudun Wada: Ɗan'uwa, kafin ka zaɓi lamba, ka fara tambayar inda katin ya fito, domin abin da ya same ni ba na fatan ya sami kowa. A 2023 na ga wani mai sayarwa daga Legas yana tallar 3060 na hannu a intanet da araha, ya turo mini bidiyo yana aiki, na tura kuɗi, aka sako mini shi a mota na karɓa a Kwangila. Mako 3 ya yi lafiya. Ranar da nake tsakiyar haɗa bidiyon wani biki, saura kwana 2 in miƙa wa dangin amarya, sai zane-zanen kore suka cika allon, daga nan ya ɗauke gaba ɗaya. Mai gyaran da na kai wa a PZ ya buɗe shi ya nuna mini yadda zafi ya sauya launin cikinsa, ya ce alamu sun nuna an daɗe ana haƙar kuɗin kirifto da shi dare da rana, kuma tun da Ethereum, ɗaya daga manyan kuɗaɗen kirifto, ta daina amfani da haƙa a Satumban 2022 irin waɗannan katunan suka cika kasuwa. Na kira mutumin, ya ce wutarmu ce ta ƙona shi, washegari ya toshe lambata. Asarar kuɗin ba ta yi mini ciwo kamar tsayuwar da na yi gaban mahaifin amarya ina ba shi haƙuri ba, dattijon da ya amince da ni saboda maƙwabtaka.

Injiniya Sabon Gari: Allah ya mayar maka da alheri. Ɗan Samaru, Resolve tana dogara sosai da ma'adanar katin hoto, saboda haka a aikin 4K mai gyaran launi da rage hazo, 12GB ɗin 3060 zai fi ba ka sarari. Ita 4060 ta fi sauri a wasa, tana fitar da bidiyo a tsarin AV1 mai matse girman fayil, kuma wat 115 take ja, yayin da 3060 ke jan wat 170. Ka sani kuma Ryzen 5 5600 ba ta da na'urar hoto a cikinta, idan kati ya mutu ko tambarin Windows ba za ka gani ba. Makon jiya an faɗa mini sabuwar 3060 naira dubu 480 ce.

Bahaushen Kongo: Injiniya, wannan farashin ya yi yawa. Abokina ya ɗauko a Kano dubu 330.

Injiniya Sabon Gari: Sabuwa a kwalinta da takardar garanti, ko wadda aka goge aka mayar kwali?

Mai Kyamara Tudun Wada: Dubu 330 ɗin nan ita ce irin arahar da ta jefa ni rami. Kuma da girmamawa, Injiniya, kai kana da shago, duk shawarar da za ka bayar ba za ta rasa alaƙa da abin da ke kan kantarka ba.

Injiniya Sabon Gari: Ban ce ya saya a wurina ba, Malam. Shekara 11 ina buɗe cikin kwamfuta, kai kuwa kati ɗaya ka taɓa saya, shi ma bai yi wata ba. Ciwon da ka ji gaskiya ne, amma bai isa ya zama ma'aunin kowane kati ba.

Gwaggon Yara: Ɗana, miliyan 1.2 a hannun saurayi, ai lefe ya kamata mu ji ana lissafi! Ka haɗa kwamfutar, amma ka rage na goro.

Ɗan Samaru: Na gode Gwaggo, kwamfutar ce za ta kawo lefen in Allah ya so. Har yanzu dai ina jiran wanda ya yi aiki da katunan biyu a Resolve.

Malamin Gyallesu: Ni damuwata duk ba a katin take ba. Kowa yana maganar sauri, babu wanda ya tambayi wutar da za ta riƙe injin. A unguwarmu wuta tana zuwa da rauni, can kuma ta dawo da ƙarfi lokaci guda, haka na rasa madabod, wato babban faifan da ke haɗa kayan cikin kwamfuta, da fawa sufulai mai raba musu wuta a dare ɗaya. Ka ware kuɗin fawa sufulai na wat 650 mai shaidar 80 Plus, wato shaidar ba ya ɓarnar wuta sosai, da sitabilaiza da UPS, sannan ka tanadi abin hure ƙurar hunturu, domin tana toshe fanka kafin zafin Maris da Afrilu ya iso.

Bahaushen Kongo: UPS ɗin minti nawa zai riƙe? Ni na koma sola da inbata, kuma batir kaɗai ya ci fiye da kuɗin katin da ake gardama a kai.

Mai Kyamara Tudun Wada: Mu kwana 9 ke nan taransifomarmu ta lalace, an karɓi kuɗin gyara gida-gida, har yau shiru. Da janareta nake aiki, man fetur yana cinye ribar kowane biki. Malamin Gyallesu, ku nawa aka karɓa a wurinku lokacin da taku ta ƙone?