Neman kalmar Hausa: me za mu sa a madadin foo da bar?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ranar Asabar zan fara koyar da matasa rubuta manhaja da Hausa, kuma na maƙale a kan kalmomin nan da masu sana'ar suke sakawa a misali idan sunan abin ba shi da muhimmanci, wato foo da bar da baz. Ina neman sunan da zan kira wannan rukuni, da kuma abin da zan rubuta a allo a madadinsu.

Malamin kwamfuta: Wa'alaikumus salam, Malama. Foo ba ta da ma'anar da za a fassara. Ta yi tashe ne a Amurka a shekarun 1930 cikin zanen barkwanci na jarida mai suna Smokey Stover, wanda mai zana shi, Bill Holman, ya ce a gindin wani ɗan mutum-mutumin ƙasar Sin ya gan ta. Daga baya ɗaliban jami'ar fasaha ta MIT da ke Amurka, 'yan ƙungiyar wasan ƙananan jiragen ƙasa, suka sa ta a ƙamus ɗinsu na 1959. Ita kuwa bar ana danganta ta da FUBAR, baƙar maganar sojojin Amurka a Yaƙin Duniya na Biyu kan abin da ya lalace har ba a gane shi. Tunda ba ma'ana ake nema ba, shi ya sa Faransawa suke rubuta toto da titi, Japanawa kuma hoge da piyo. Mu ma muna da kaza da wane da wance, sunan rukunin kuwa kalmomin cike gurbi.

Mai fassara: Cike gurbi ya yi kama da tambayar jarrabawa. Ni sunan riƙon ƙwarya nake cewa, domin kalmar tana riƙe da kujera ne kafin mai ita ya iso. Kaza kuwa ba tamu ba ce, daga Larabci aka aro ta, kuma a rubuce ɗalibi zai ɗauka mai ƙwai ake nufi.

Malamin nahawu: Malam, in za mu kori kaza saboda Larabci, sai mu haɗa da kalma da harafi da darasi, mu ga abin da zai rage wa Malama ranar Asabar. Duk wanda ya zauna a zaure ya san Zaidu ya daɗe yana dukan Amru a misalan nahawun Larabci, kuma babu almajirin da ya taɓa tambayar garinsu.

Mai fassara: Allah ya gafarta Malam, abin da ke damuna shi ne kullum sai an ce wasu sun yi kafin mu yarda harshenmu ya isa. Riƙon ƙwarya Hausa ce tsantsa.

Malamin kwamfuta: Tsantsa ce, amma mai riƙon ƙwarya yana da iko, foo kuwa ba ta da komai.

Mai tambaya: Na gode. Zan ce kalmomin cike gurbi, in rubuta kaza da wane da wance, ko da yake biyun na ƙarshe na mutane ne kuma ban gamsu da su sosai ba. Foo da bar zan nuna musu sau ɗaya, tunda za su ci karo da su a intanet.

Mai fassara: To, ajinki ne. Ni dai a nawa rubutun riƙon ƙwarya zan ci gaba da sawa.