Me zan kira saikoloji a shirin Asabar?

Mai Shiri: Salamu alaikum malamai. Jibi Asabar zan buɗe sabon shiri a gidan rediyonmu nan Kaduna, kashi na farko gabatarwa ce kan saikoloji da rassansa. Na rubuta "ilimin halayyar ɗan Adam" yadda kowa ke faɗa, da na iso kan Pavlov sai na tsaya cak. Wannan masanin na Rasha da karnuka ya yi gwajinsa, har kare ya riƙa dalalar da miyau da jin sautin da ya saba ji kafin abinci. To ina ɗan Adam a nan? Ku taimaka, gobe da azahar zan miƙa rubutun.

Malamin Kawo: Wa alaikumus salam. Cire ɗan Adam, ki bar "ilimin halayya". Shi ke nan.

'Yar Barnawa: Da sauran magana, Malam. Halayya abin da ido ke gani ce, kuma tsayawa a kanta kaɗai ra'ayin Watson ne da ya shelanta a Amurka a 1913. Shi kuwa Wundt, da ya buɗe ɗakin gwajin saikoloji na farko a Leipzig ta Jamus a 1879, abin da ke gudana a cikin kai yake bi, har yana auna lokacin da mutum ke ɗauka kafin ya amsa wani sauti. Reshen da ke nazarin harda da mantuwa da yanke shawara fa, ina za mu sa shi? Ga shi in Bahaushe ya ji "hali", kirki ko rashinsa yake kawowa a rai. Za a zaci shirin tarbiyya ne.

Alaramman Tudun Wada: Larabawa sun hutar da mu, ilmun nafsi suke cewa.

Baba Mai Ritaya: Duk aro ne! Ilimi aro, hali aro, nafsi aro. Tushen kalmar a Girkanci rai take nufi, mu kuma muna da kurwa. "Sanin kurwa". Na daɗe ina faɗa, ba mai ji.

'Yar Barnawa: Allah ya ja kwana Baba, amma duk wanda ya ji kurwa a rediyo maye zai tuna. Masu neman maganin maita ne za su cika mata layi.

Baba Mai Ritaya: Da daga Kano ta fito da tuni kun haddace ta. Ku yaran Kaduna rabin zancenku Turanci ne, sannan ku ce kurwa ce baƙuwa.

Malamin Kawo: A'a Baba, kada a raina jiharmu. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya ta fara fita a 1939, kuma ba ta ƙyamaci aro ba, kwabon ma aro ne.

Baba Mai Ritaya: Zariya daban, Kaduna daban.

Mai Shiri: Don Allah iyayena, lokaci. "Ilimin ƙwaƙwalwa" fa?

'Yar Barnawa: Kada ki soma, Yaya. Za a haɗa shi da aikin likitocin asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa, waɗanda ke rubuta magani. Reshen jinya na saikoloji da tattaunawa da gwaje-gwaje yake aiki, kuma reshe ɗaya ne kawai. Akwai na girman yara irin aikin Piaget, na zamantakewa, na koyo da koyarwa, na ma'aikata. Ni dai "ilimin tunani da halayya" nake gani, ya ɗauki ciki da waje, karen ma ya samu wuri.

Alaramman Tudun Wada: Ya yi tsawo, amma ba laifi.

Mai Shiri: Na ɗauka. Zan faɗi saikoloji sau ɗaya a buɗewa, sauran duka da Hausa. Mai aikin kuma "masanin tunani da halayya"?

Baba Mai Ritaya: Ki sa abin da kika ga dama, 'yata. Amma Asabar ɗin zan bugo waya, kurwa zan ce.