Muhawara: kamfani ya biya ko da bai yi sakaci ba?

Maman Ilham: Salam jama'a, ina da tambaya dan Allah. Sabon fulas na saya sati uku da suka wuce, jiya da asuba na zuba ruwan zafi na ɗaga zan kai ɗaki kawai gindinsa ya fita gaba ɗaya, ruwan ya sauka a ƙafar Ilham tana tsaye jikina, yanzu haka duk saman ƙafar ya yi bororo. Na je wajen mai shago yace shi ba shi ya ƙera ba kuma kaya in ya fita ba ya dawowa. Ni a ganina kamfanin da ya yi fulas ɗin dole ya biya kuɗin magani, ko da gangan ne ko ba da gangan ba.

Alhaji Mai Sabulu: Subhanallah, Allah ya ba ta lafiya Hajiya. Amma maganar ko ba da gangan ba ɗin nan ban yarda da ita ba gsky. Mutum ya yi iya ƙoƙarinsa, ya auna komai, cikin kaya dubu goma ɗaya ya fito da matsala sai a ce ya biya kamar mai laifi? ina adalci a nan

Barista: Alhaji ai dama ba a ce mai laifi ba ne, cewa aka yi shi zai ɗauki asarar. Abu biyu ne daban. Tsohuwar hanya ita ce sai wanda ya ji ciwo ya tabbatar wa kotu cewa kamfani ya yi sakaci, asalinta shari'ar Donoghue da Stevenson a 1932, wata mata a garin Paisley na Sikotland da ta ce ta tarar da ruɓaɓɓen dodon koɗi a kwalbar lemon citta, kuma ba ma ita ta saya ba, saya mata aka yi. To matsalar ita ce Maman Ilham tana zaune a gida ta yaya za ta san abin da ya faru cikin masana'anta, wane inji ne ya kwance, wa ya yi gyangyaɗi a bakin aiki? Shi ya sa a 1963 kotun ƙolin Kalifoniya ta yanke a shari'ar wani Greenman, da injin sassaƙa ya wullo masa katako a goshi, cewa ya isa ka nuna kayan na da aibi, ka yi amfani da shi yadda aka yi shi don a yi, kuma aibin ne ya ji maka ciwo. Ingila ma ta bi da dokarta a 1987.

Alhaji Mai Sabulu: To wannan ƙasashen da kowa ke da inshora ne Barista. Ni yara tara ke aiki a wajena, shari'a ɗaya za ta rufe ni. Kuma kun san halin mutanenmu, sai mace ta haɗa sabulu da man bilicin fuska ta saɓule tace sabuluna ne. Ga jabu, da idona na ga ledata da sunana a kasuwa kuma wlh ba ni na yi abin da ke ciki ba.

Barista: Duk biyun ba sa kanka ranka ya daɗe. In ita ta haɗa da wani abu ita ta jawo, in jabu ne ba kayanka ba ne. Sai an nuna daga hannunka ya fito da aibin.

Alhaji Mai Sabulu: Kafin a nuna ɗin na biya lauya nawa? kai ma ai ba kyauta za ka tsaya min ba

Nas Hauwa: Alhaji kai haƙuri amma ni ban iya jin wannan magana ban tuna My Pikin ba. Ƙarshen 2008 ne, maganin haƙorin yara, an samu diethylene glycol a ciki, irin sinadarin da ake sa wa a man birki, yana kashe ƙoda yaro ya daina fitsari kwata-kwata. Yara 84 gwamnati ta lissafa sun rasu, har asibitin koyarwa na Zariya an kai wasu. Uwa ce fa da hannunta take ɗura wa ɗanta tana ganin taimakonsa take. A 2022 irinsa ya sake faruwa a Gambiya da maganin tari da aka yi a Indiya, yara kusan 70. Yanzu waɗannan iyayen za a ce su fara kawo hujjar wa ya yi sakaci wajen sayen sinadari?

Alhaji Mai Sabulu: Wancan ai sakaci ne ƙarara Hajiya, rashin gwaji ne, kuma an ɗaure mutum biyu shekara bakwai-bakwai a 2013. Kin ga tsohuwar hanyar ma ta kama su.

Nas Hauwa: Ɗauri daban diyya daban ai, ɗauri bai biya wa kowa kuɗin wankin ƙoda ba.

Ustaz: Ni abin da ke ba ni mamaki yadda ake ɗaukar abin kamar baƙo ne daga Turai. A fiƙihunmu na Malikiyya ana cewa ganganci da kuskure daidai suke a dukiyar mutane, zunubi ne ke faɗuwa amma ramuwa tana nan. Kisan kuskure ma ai akwai diyya, Suratun Nisa'i aya ta 92. Kuma wanda ya karanta Risala ya san masu sana'a suna lamunce kayan da aka bar musu, tela ya ce shaddarka ta ɓata ba a sallamarsa haka nan.

Alhaji Mai Sabulu: Allah gafarta Malam, diyyar kuskure ai dangi ake raba wa, ba mutum ɗaya ake kayarwa ba.

Ustaz: Ka kuwa kawo magana. To inshorar da kake cewa ba aikin da take yi ke nan ba, a raba nauyin? akwai takaful ma, wato inshorar Musulunci, in ribar ce damuwarka

Injiniya: Kuma a ƙarshe mu masu saye ne za mu biya, ya ɗora naira ashirin kan kowane sabulu shikenan. Ni dai na yarda a ɗora min da a bar mace ɗaya da kuɗin asibiti.

Maman Ilham: Barista to a nan Najeriya akwai abin da zan iya yi ko duk labarin Amurka ne?

Barista: Akwai. Dokar kare masu saye da Buhari ya sa wa hannu a 2019, wadda ta kafa FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu saye, ta ce wanda ya kawo kaya mai aibi shi ke da alhakin ɓarnar da ya yi, ko ba a hannunsa kika saya kai tsaye ba, kuma rubuta ba a dawo da kaya a jikin rasit bai wanke kowa. Mai shagon ma yana ciki, tun 1985 kotun ƙoli ta kama kamfanin da ya sayar wa wata Ngonadi firij mai kananzir da ya fashe da ita duk da ba su suka ƙera ba. Sai dai kotu akwai jan ƙafa, wanda ya tarar da kyankyaso a kwalbar lemo a 1991 sai 2008 kotun ƙoli ta ba shi gaskiya, don haka ki fara da kai koke hukumar. Ki ɗauki hoton ƙafar yau, ki adana takardun asibiti da rasit, uwa uba fulas ɗin da kwalinsa kar ki bari a taɓa.

Maman Ilham: Innalillahi, kwalin dai yana nan amma fulas ɗin tun jiya Inna ta miƙa wa ɗan gwangwan wai kar ta ƙara ganinsa a gidan

Barista: Hajiya tura yaro ya bi shi yanzu, ko nawa ya ce a biya a karɓo.