Wace waƙa ce ta fi kowace ciniki a duniya? Ku raba mu gardama

Mai Turi na Kasuwar Dole:

Salamu alaikum jama'a. Jiya da dare a fadarmu ta Zango musu ya kaure har shayi na biyu ya ƙone a kan gawayi. Abokina ya rantse babu waƙar da ta taɓa kai “Despacito” kasuwa tun da aka fara waƙa. Ni na ce ƙarya ne, na ji an ce wata tsohuwar waƙar Kirsimeti ce. Muka sa kilon sukari da kwalin shayi, wanda ya faɗi shi zai saya.

Ni sana'ata tura waƙoƙi a waya, shekara 9 ke nan ina rumfa guda. Na san waƙar da ake nema a garin nan kamar yunwar cikina, amma ta duniya ban san yadda ake auna ta ba. Wa ke ƙidayar? Da wace tiya?

Tsohon Mai Kaset:

Wa alaikumus salam ɗana. In faifan da aka saya da kuɗi ake nufi, sukarinka ya tsira. “White Christmas” ce, ta Bing Crosby, ta fito a 1942, kuma littafin Guinness ya ba ta kusan kwafi miliyan 50. Sai dai ka riƙe kalmar “kusan” ɗin nan da kyau. Ƙiyasi ne. A lokacin babu wanda ke zaune yana ƙirga faifai ɗaya bayan ɗaya, kamfani ne ke faɗin abin da ya fitar. Sai a 1991 aka fara ɗaukar lissafin ciniki a Amurka kai tsaye daga na'urar kanti. Shi ya sa wasu suka fi yarda da “Candle in the Wind” ta Elton John, wadda ya sake rerawa a 1997 bayan rasuwar Gimbiya Diana, kwafi miliyan 33.

Ni da na yi shekaru ina sayar da kaset, wannan zance dariya yake ba ni. Kaset ɗaya na asali za a kawo mini daga Kano, in sa a rediyo mai baki biyu, kafin sati na buga ɗari. Na Shata kuwa har na daina ƙirgawa. Direbobin tasha, mahauta, masu ɗinki, kowa da nasa. Wa ya rubuta wannan a littafi? Ko ni ban rubuta ba. Haka “Sweet Mother” ta Prince Nico Mbarga, ta 1976: ana cewa ta kai miliyan 13, amma kwafin da irinmu muka buga a kasuwannin Afirka ta Yamma, Allah kaɗai ya san adadinsa.

'Yar Birni:

Baba, a yi haƙuri, amma yanzu wa ke sayen faifai? Lissafin ya koma sauraro ta intanet, kuma a nan ma abokin nasa bai ci ba. “Despacito” ta hau kan gaba a YouTube a 2017, ta zauna har Nuwamban 2020, sai waƙar yara “Baby Shark” ta ture ta, ita ce ma ta fara kai kallo miliyar 10 (biliyan, a bakin 'yan Najeriya). Ƙanena ɗan shekara 3 shi kaɗai ya isa ya ba ta dubu, in ya samu wayar mama ba ya saki sai batir ya mutu. To wannan ciniki ne? Mutum ɗaya ne fa yake ta maimaitawa.

Masu masana'antar faifai ta Amurka sun yi wa abin farashi: sauraro 150 daidai yake da sayen waƙa sau ɗaya. Na ari ma'aunin na gwada a kan “Blinding Lights” ta The Weeknd, wadda ta wuce sauraro miliyar 4 a manhajar sauraron waƙoƙi ta Spotify a 2024. Raba da 150, ya ba ni wajen miliyan 26 da 'yan kai. Ke nan a Spotify kaɗai ba ta kamo tsohon naku Bing Crosby ba. Amma da sun ce 75 ne maimakon 150, da ta wuce shi. Mutane ne suka zauna suka yanke lambar, ba daga sama ta sauko ba. Mujallar waƙoƙi ta Amurka, Billboard, kuma nata salon daban, tana duba makonnin da waƙa ta yi a jerinta tun 1958 da matsayin da ta riƙe, kuma a 2021 ta ce ita wannan “Blinding Lights” ɗin ce ta ɗaya.

Ɗan Kabu-kabu:

Ku duk yawan kai kuke ƙirgawa. Ni in an ce kasuwa, abin da ya shiga aljihu nake ji. Waƙar nan ta murnar ranar haihuwa da ake yi wa yara a gaban kek, kun san wani kamfani a Amurka ya yi shekaru yana karɓar kusan dalar Amurka miliyan 2 duk shekara a kanta? Sai a 2015 alƙali ya ce ba shi da hurumi. Ba ta cikin jerin kowa, amma ta ci kuɗi.

Nan gida ma haka ne. Mawaƙi ya yi wa wani Alhaji waƙa ɗaya, a miƙa masa makullin mota a wurin biki. Wani kuma waƙarsa na cikin kowace waya daga nan har Agadas, amma ni nake kai shi gida a bashi.

Mai Turi na Kasuwar Dole:

Na gode ƙwarai. Baba, maganarka ta taɓa ni, don abin da ka yi da kaset shi nake yi da kwamfuta. Akwai waƙar Hausa guda, ba zan faɗi sunanta ba, da a watan bikin da ya wuce na tura ta fiye da yadda zan iya tunawa. Mata su zo da waya a ƙulle a bakin zane, su ce “sa mini ta amaryar nan”, dala 20 na kuɗinmu na sefa in cika musu kati. Daga wayarsu kuma ta bi Xender ta shiga gidaje goma. A YouTube kallonta bai taka kara ya karya ba, don wa zai ƙona kuɗin intanet a kan abin da maƙwabciya za ta ba shi kyauta? Mai waƙar bai ga ko dala ba daga rumfata, wannan kam na sani.

Na karanta wa abokin nawa amsoshinku. Ya ce shi bai san wani Bing Crosby ba, a kawo wanda ya taɓa jin waƙar a Damagaram. Babu wanda ya ɗaga hannu, har ni. Yanzu dai an tsaya ni in kawo sukari, shi ya kawo shayi, yau bayan isha'i.