Ajiye garin kilorin a cikin kwantena lokacin bazara: ina neman shawarar masana

Mai Ruwan Leda, Ƙofar Ƙaura:

Assalamu alaikum. Ina da ƙaramar masana'antar ruwan leda a nan Katsina, kuma muna wanke tankuna da bututu da garin kilorin, wato kalsiyam haifokulorait mai ƙarfin kashi 65 cikin ɗari. A watan jiya na samu rangwame na sayi duro takwas masu kilo 45, na ajiye su a kwantenar ƙarfe da ke tsakar fili, inda jarkokin man janareta suke tare da buhunan takin yuriya da na tanada saboda damina. Jiya da azahar yarona ya buɗe ƙofar, wari ya hana shi shiga, daga baya kuma ya ce duro ɗaya ya fi sauran ɗumi. Takardar da ta zo da kayan ta nuna sai zafi ya kai wajen maki 180 a ma'aunin Salshiyos kafin sinadarin ya lalace, alhali zafin Katsina ko a Afrilu bai cika wuce arba'in da 'yan kai ba. A jikin duron akwai hoton harshen wuta a bisa da'ira da lamba 5.1. Mene ne ma'anar wannan alama, kuma shin akwai abin tsoro?

Malamin Kimiyya:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin komai, a fitar da man janareta da yuriyar daga kwantenar nan yau, kada a jira gobe.

Lamba 5.1 tana cikin tsarin Majalisar Ɗinkin Duniya na rarraba kaya masu haɗari zuwa aji tara, kuma tana nufin sinadarin da shi kansa ba ya ci da wuta kamar fetur, amma yana sakin iskar oksijin wadda ke rura wutar duk abin da ke kusa da shi. Wannan alama ta faɗa maka irin haɗarin ne kawai, ba ta faɗa maka zafin da ɗakin ajiyarka zai iya jurewa ba, kuma a nan mutane da yawa ke ruɗewa. Maki 180 da ka gani na ɗan samfur ne tsaftatacce da aka ɗumama a ɗakin gwaji. Abin da ya shafi mai ajiya shi ne mafi ƙarancin zafin da kaya, a cikin mazubinsu, za su fara lalacewa suna ƙara wa kansu zafi. A gwajin da ake yi don gano wannan iyaka, ana ajiye mazubin a zafi guda, a duba ko cikinsa zai haura zafin wurin da maki 6 cikin kwana bakwai.

Dalilin shi ne, garin kilorin kullum yana lalacewa a hankali, kuma lalacewar tana fitar da zafi. Idan mazubi ƙarami ne kuma iska na kewaya shi, zafin yana fita. Idan babba ne, ko an cunkushe da yawa wuri guda, zafin na taruwa a tsakiya, ya hanzarta lalacewar, ita kuma ta ƙara zafin, har a kai inda ba ta tsayuwa. Saboda haka iyakar tana sauka ƙasa sosai gwargwadon girman tulin kayan, kuma danshi ko tsatsa ko ɗigon mai na ƙara sauko da ita. Kwantenar da rana ta doka tun hantsi kuwa, zafin cikinta ya zarce na waje nesa ba kusa ba. Duk wanda ya taɓa shiga motar da aka rufe a rana ya san haka. Duron da ya fi sauran ɗumi shi ne ya fi damuna a duk bayaninka.

Tsohon Ma'aikacin Fito:

Na yi shekaru ina fiton kaya a tashar Apapa kafin na dawo gida Daura, kuma na san masu jiragen ruwa ba sa son wannan kaya. Jirgin CMA Djakarta ya kama da wuta a 1997, DG Harmony kuma a 1998, duka biyun an danganta gobararsu da wannan sinadari. Shi ya sa ƙa'idar jigilarsa ta teku ta ce a saman jirgi ake ɗora shi, a kāre shi daga rana, a nisanta shi da duk abin da ke fitar da zafi. Wasu 'yan kasuwa kan sauya masa suna a takarda don kauce wa wannan sharaɗi, wanda a ganina cin amanar rayukan ma'aikata ne. Alhaji, abin da ake tsoro a tsakiyar teku shi ka haɗa a tsakar filinka.

Hajiya Mai Wanki da Guga:

Ni dai na shekara biyar ina ajiye shi ban ga gobara ba, sai dai bokiti ɗaya nake saye, a ɗakin ƙasa mai sanyi. Abin da na lura shi ne wanda ya kwana biyu a zafi ƙarfinsa yana raguwa, sai an ninka awo. Rangwamen da Alhaji ya samu zai iya tafiya a nan.

Ɗan Kwana-kwana:

Hajiya, bokitinki ɗaya a inuwa shi ne ya tsare ki. Ina so in ƙara abu biyu. Yuriya da sauran takin da ke da amoniya, idan suka haɗu da kilorin, suna haifar da iska mai guba da sinadarin da ke iya fashewa, ruwan batir kuma yana sa garin kilorin ya saki iskar kilorin nan take. Na biyu, idan ya kama da wuta, rufe shi da bargo ko yashi ba ya kashe shi, tunda yana samar wa kansa oksijin, kuma tukunyar kashe gobara mai hoda ba ta dace da shi ba. Ruwa mai yawan gaske ake kwarara masa daga nesa, ta inda iska ke busowa. Yayyafa ɗan ruwa kuwa ƙara tsananta shi yake yi. Game da duron mai ɗumi, kada a buɗe shi a leƙa. Idan yana hayaƙi ko murfinsa ya kumbura, kowa ya ja baya a kira mu.

Mai Ruwan Leda, Ƙofar Ƙaura:

Na gode, Allah ya saka da alheri. Mun kwashe man da takin tun da la'asar. Duro bakwai suna ɗakin bulo mai tagogi biyu, a bisa bulo, da tazarar kamu biyu tsakaninsu. Na takwas mun ware shi a ƙarƙashin darbejiya nesa da gini, an yi masa rumfa, kuma zuwa magariba ɗuminsa ya ragu. Malam, shin za mu iya fara amfani da shi, ko mayar wa dillali ya fi?